Daga izakaya ta Tokyo zuwa tukubar Bakin Birji: Wa ke cin ribar hirar dare a Damargu?

Idan rana ta faɗi a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, wuta iri biyu ake gani a ƙaramar hukumar Ollelewa. Akwai fitilun matatar mai ta SORAZ, waɗanda matafiyi ke hangowa tun daga nesa kamar wani birni a tsakiyar daji. Akwai kuma ta ƙasa-ƙasa, wato garwashin masu tsire da balangu, da kurfotin masu shayi, da kaskon masu awara a bakin titi.

A gaban wuta ta biyun jama'a ke taruwa: direbobin tankar mai da ke jiran lodi, da yaran mota, da fasinjojin bas masu nufin Tanut ko Agadas, da fataken da suka ci kasuwar Bakin Birji dare ya yi musu, da samarin gari. Wurin zama benci ne ko tabarma. Babu allo mai ɗauke da sunan wuri, babu takardar jerin abinci. Mutum zai ce wa mai nama ya yanko masa na dala ɗari, wato sefa 500, a naɗe masa a takarda da yaji da albasa, ya ja gefe abokansa su sa hannu.

Tsakanin wannan wuri da Tokyo akwai sama da kilomita dubu 12. Duk da haka, matashin da ke kallon bidiyon cin abincin dare na Japan a TikTok, ko ɗan ci-ranin da ya taɓa zama can, zai ga kamanni da abin da Japanawa ke kira izakaya, wurin da ma'aikata ke yada zango bayan an tashi daga aiki kafin su nufi gida. A 'yan shekarun nan ma an ƙara wa fitar daren wani zango: idan an tashi daga izakaya, a wuce shagon kayan zaƙi a rufe da askirim.

Mene ne izakaya?

Sunan haɗin kalmomi biyu ne na Japananci, "zama" da "kantin sake", wato giyar shinkafa. A zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, masu kantunan suka fara barin mai saye ya zauna ya sha a wurin maimakon ya tafi da ita gida, daga baya suka ƙara da ɗan abin taɓawa. Birnin Edo, wanda shi ne Tokyo ta yau, a lokacin cike yake da maza 'yan ci-rani: leburori da magina da dakarun sarakuna da suka baro iyalansu a ƙauyuka. Duk inda maza suka taru nesa da tukunyar gida kuwa, mai abincin sayarwa ba ya kwana da yunwa.

Haka abin yake a Damargu tun kafin a san mota. Yankin shi ne rumbun geron ayarin Abzinawa, waɗanda ke sauko da gishirin Bilma su koma da hatsi. Tare da irin wannan ayari Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Ciyar da baƙo a zango tsohuwar sana'a ce a nan. Raƙuma ne kawai suka koma tireloli.

Ana gane izakaya da jar fitilar takarda da ke rataye a ƙofa. Da mutum ya zauna za a miƙo masa jiƙaƙƙen tawul ya goge hannu, sannan a ajiye masa ɗan ƙaramin kwano na abin taɓawa da bai nema ba. Sunansa otoshi, kuma ba kyauta ba ne. Kuɗin zama ne a fakaice, galibi yen 300 zuwa 500 a kan kowane mutum. Baƙi da yawa kan yi rigima a kansa idan an kawo lissafi.

Abincin kuwa ƙananan farantai ne da ake ajiyewa a tsakiya kowa ya ɗiba. Sarkinsu shi ne yakitori, tsiren kaza a tsinken gora da ake gasawa a kan gawayi. Ba a zubar da komai: fata da hanta da zuciya da ƙundu da guringuntsi, kowanne da tsinkensa da sunansa. Barunjen Damagaram da ke ware wa mai saye tsoka da kitse da kayan ciki ba zai ga baƙon abu a nan ba. Akwai kamfanin Torikizoku da aka kafa a yankin Osaka a 1985, wanda ya yi suna da sayar da kusan komai a kan farashi ɗaya, har ya buɗe ɗaruruwan rassa. Tsire ne dai, amma an yi masa tsari da lissafi.

Awara, daddawa da farin magi

Kamannin bai tsaya ga nama ba. Awarar da 'yan mata ke soyawa da yamma a Damagaram da Maraɗi da Kano ita ce tofu, wadda ta samo asali daga ƙasar Sin ta shiga Japan shekaru aru-aru da suka wuce. Aikin ɗaya ne: a jiƙa waken soya, a niƙa, a tace, a tafasa, a zuba abin da zai sa ya dunƙule. A nan ana amfani da ruwan tsami ko tsamiya, a can kuma da wani ruwa mai ɗaci da ake samu wajen yin gishirin teku. A izakaya ana soya ta a tsoma a romo. A bakin titin Tanut ana barbaɗa mata yaji.

Daddawa ma tana da 'yar'uwa. Natto, ruɓaɓɓen waken soya mai yauƙi da wari da Japanawa ke ci da shinkafa da safe, irin ƙwayar halittar da ke nunar da daddawa ce ke nunar da shi. Wani marubucin Japan mai suna Takano Hideyuki ya bi sawun wannan dangantaka har zuwa Kano, ya fitar da littafi a kanta a 2020. A ƙasashen arewa irin Damargu, inda ɗorawa ta yi ƙaranci, matan gida sun daɗe da samun mafita da daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa.

Sai farin magi. Ajinomoto da mai tsire ke haɗawa a yajinsa kamfanin Japan ne. Wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a 1908 daga wani ganyen teku da ake yin romo da shi, aka fara sayarwa a shekarar da ta biyo. Koren ganyen shayin da ake dafawa sau uku a ƙaramar buta daga Sin ake shigo da shi, kuma bishiyarsa ɗaya da ta matcha, garin shayin da yanzu ake yayinsa a shagunan zamani na Abuja da Dubai. Idan aka haɗa da Toyota Hilux da ke fake a gefen mai shayin, za a ga Gabashin Asiya ta daɗe da zama a bakin wannan titi ba tare da kowa ya yi mata sallama ba.

Inda hanya ta rabu

Ginshiƙin izakaya giya ce. Abincin rakiya yake yi mata, kuma wurare da yawa na da tsarin biyan kuɗi sau ɗaya mutum ya sha iya shansa na awa biyu. Shi ya sa lokacin annobar korona, a 2020 da 2021, da hukumomin Tokyo suka nemi a riƙa rufewa da ƙarfe 8 na dare, wani lokaci ma a daina sayar da giya, dimbin irin waɗannan wurare suka durƙushe.

A ƙasar Hausa wannan ginshiƙi ba shi da wurin tsayawa a fili. A Kano, Hisbah na farfasa kwalaben giya a bainar jama'a. A Nijar akwai mashaya, amma a gefen gari suke, kuma ba a manta cewa suna cikin wuraren da aka kai wa hari a tarzomar Janairun 2015 a Damagaram da Yamai ba. Duk wanda ya ce zai kwafo izakaya yadda take ya dasa a Tanut, jarinsa ya ƙona.

Abin da giya ke yi wa hira a Tokyo, shayi ne ke yin sa a nan, kuma gidansa shi ne fada. Majalisar samari da ake kira fada ta yi ƙarfi a Damagaram tun shekarun 1990 kafin ta bazu ko'ina a Nijar, har wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019. Dafa shayin fada ba a gaggawa: na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, kowanne sai an jira garwashi an yi ta juye har kumfa ta tashi. Awa biyu na iya tafiya a kan ganye da sukarin da aka yi karo-karo aka saya.

Nan ne bambancin da ya fi na giya girma. Mai zuwa izakaya daga ofis ya fito, ya gaji da aiki, yana neman wurin da zai sassauta wuyan riga ya faɗa wa maigidansa abin da ba ya iya faɗa da rana. Da yawa daga masu zaman fada kuwa aikin ne babu. Suna jiran damina, ko jiran sakamakon jarrabawa, ko jiran kuɗin mota zuwa Agadas da abin da ke gaba da ita. Mai shayi da mai nama sun san wannan fiye da kowa, domin littafin bashi a hannunsu yake.

Ga 'yan ci-rani da ɗalibai Musulmi da ke Japan, gayyata zuwa izakaya da abokan aiki abu ne mai wuyar kaucewa, don a can ake ƙulla zumuncin ofis. Ƙin shan giya ba matsala ba ne, ana sayar da shayin oolong mai sanyi da lemo, kuma matasan Japan da kansu sun rage sha. Tarkon a cikin abinci yake. Miyar da ake shafa wa yakitori, wadda ake kira tare, ana haɗa ta da sake da mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da ke ɗauke da barasa. Shi ya sa masu kiyayewa ke cewa a gasa musu da gishiri zalla, wato shio, ko da yake wannan bai warware batun yankan kazar ba. Akwai kuma tsiren da ake kira yakiton, wanda na alade ne, kuma sau da yawa a kan waya ɗaya ake gasa su. Romon taliyar ramen da ake rufe dare da ita ma galibi na ƙashin alade ne. Kifi da edamame, wato ɗanyen waken soya da aka dafa da gishiri kamar dafaffiyar gyaɗa, su ne mafakar mutane da yawa.

Zaƙi, da waɗanda ba a gani da dare

A al'adar Japan, ana rufe daren da abu mai nauyi, shinkafa ko taliya. Amma a birnin Sapporo da ke tsibirin Hokkaido an fito da wani salo da ya yi tashe tun wajen 2015: a rufe da askirim da aka jera hawa-hawa a dogon kofin gilashi da 'ya'yan itace. Shagunan na buɗewa ne da dare, wasu har bayan sha biyu, kuma mata ne da yawa daga cikin masu zuwa. Ba banza aka fara a can ba. Hokkaido ke samar da fiye da rabin madarar shanun Japan baki ɗaya.

Damagaram ba baƙuwar zaƙi ba ce. Alkakinta ya yi suna a faɗin Nijar, tsarabar da matafiyi ba ya komawa gida babu ita. Akwai nakiya, wadda da shinkafa ake daka ta kamar yadda Japanawa ke kirɓa shinkafa su yi mochi. Akwai dubulan da kantun riɗi da tuwon madara da alawa iri-iri. Abin da zai ba Bahaushe mamaki a can shi ne jan wake da ake dafawa da sukari a cusa a cikin kayan zaƙi. Damargu na noma wake buhu-buhu, amma a ce a zuba masa sukari, sai an yi da gaske.

Sai dai waɗannan kayan na gara ne da biki da tsaraba. A cikin gida mata ke yin su, yara su kai talla, ko a saya a tasha a sa a jaka. Babu inda ake zama a ci. Kuma idan aka dubi bencin mai shayi da tukubar mai tsire da tabarmar fada, maza ne zalla. Macen da ake gani a wurin sayarwa take yi, ba hutawa ta zo ba. Amarya da angonta, ko 'yan mata uku da suka karɓi albashi, ko magidanci da 'ya'yansa, ba su da wurin zama da yamma a mafi yawan garuruwan wannan hanya.

Manyan biranen Arewacin Najeriya sun gano wannan giɓi. Shagunan fura da yogot irin su Rufaida a Kano da Habib a Kaduna da Abuja sun ɗauki abin da Bafulatana ke damawa a ƙwarya, suka sa shi a firji da roba mai murfi, suka mayar da shi abin da mai mota ke tsayawa ya saya wa iyali. Shagon zaƙin ƙasar Hausa ke nan, kuma bai buƙaci ya ari komai daga Sapporo ba.

Tambayar ita ce me ya hana a ga irinsa a yankin da gero da shanu suka haɗu. Gundumomin Tanut da Belbeji su ne bakin iyakar noma da kiwo; daga nan zuwa arewa ƙasar makiyaya ce, Fulani da Buzaye. Da damina nono ya kan yi yawa har ya rasa mai saye, da rani kuma shanu su yi nisa ya yi wuya. Madarar da aka tatsa da asuba ba ta jure zafin rana, saboda haka matan makiyaya ke mayar da ita kindirmo da man shanu, ko su shanya ta a tabarma ta zama cuku, busasshen cukwin da ake ci da shayi. Dabara ce ta mutanen da ba su da firji, kuma ta yi musu rana tsawon zamani.

Amma yogot ɗin leda da ake sha a birane labarinsa daban. Duk da yawan dabbobin Nijar, kamfanonin sarrafa madara sun fi dogara da garin madara na waje, saboda ya fi araha, ba ya lalacewa, kuma ana samunsa rani da damina. Wani kaso mai yawa na wannan gari daga Turai yake zuwa, an cire masa mansa na asali an maye da manja. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin makiyaya da Oxfam suka ƙaddamar da gangamin kare madarar gida a Afirka ta Yamma a 2018. Ke nan ana iya buɗe shagon fura mai kujeru da fitilu a Bakin Birji ba tare da ko dala ɗaya ta shiga hannun Bafulatanar da rugarta ke bayan gari ba.

Ga kuma wuta. Askirim da yogot ba sa yafe ɗaukewar lantarki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024. Masu ƙanƙara da lemo da yogot suna cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. Firjin sola na magance matsalar, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari.

Maƙwabciyar da ke bayan katanga

Abin da ya bambanta Ollelewa da sauran ƙananan hukumomin karkara shi ne matatar. Tana kimanin kilomita 50 arewa da birnin Damagaram, an buɗe ta a watan Nuwamban 2011, kuma an gina ta ne don tace ganga dubu 20 a rana na ɗanyen man da ake turowa ta bututu daga Agadem a jihar Diffa. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum sama da dubu 100, yawancinsu manoma da makiyaya, ta wayi gari da ɗaya daga cikin manyan masana'antun ƙasar a ƙofarta.

A lissafi, wuri irin wannan shi ke haifar da unguwar masu abinci, kamar yadda layukan izakaya ke tsirowa a gindin tashoshin jirgin ƙasa na Tokyo. Amma albashi mai tsoka ba a bakin titi ake kashe shi ba. Matata wuri ne mai katanga da masu gadi, kuma kuɗin manyan ma'aikata birni yake nufa. Cinikin da ke saura wa mai shayi da mai nama na direbobi ne da leburori da matafiya, kuma yana hawa da sauka da yawan motocin da ke kan hanya. Batun wanda ke cin moriyar man ya kai har sama: a watan Maris na 2025 gwamnatin soji ta kori manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin mai, ciki har da na SORAZ, bisa ƙorafin da ya haɗa da tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. A watan ne kuma aka janye lasisin otal ɗin Soluxe na 'yan Sin a Yamai.

Matatar na fitar da iskar gas ta girki tare da fetur da gazuwal. Tankokinta na wucewa ta gaban tukuba da kaskon awara, waɗanda yawancinsu itace da gawayi suke ci, a yankin da kowace bishiya ke tare rairayi. Mai tsire zai ce nama ba ya daɗi sai da hayaƙin itace, kuma masu yakitori na Japan za su goya masa baya, domin su ma suna alfahari da wani farin gawayi mai tsada da ake kira binchotan. Mai awara da mai ƙosai da mai tafasa ruwan shayi ba su da wannan hujja. Abin da ke tsakaninsu da gas shi ne kuɗin sayen tukunyar farko, da kuma inda za su je su cika ta idan ta ƙare.